Wutar da Ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

Ku 'ya'yana kun taso kun iske magana guda a gidan nan, cewa sanƙarau ne ya toshe wa yayanku Bello kunne tun yana jariri. Haka maƙwabta suka ɗauka, ni ma da bakina na maimaita wa duk wanda ya tambaya, har malaman makarantar kurame da na kai shi. To yau da furfura ta gama cinye mini gemu, mahaifiyarku kuma ta riga mu gidan gaskiya, zan warware muku yadda abin ya faru. Ni makaniki ne, ban iya tsara zance irin na 'yan boko ba, sai ku karɓe shi yadda ya zo.

A lokacin ina da rumfa a bakin tashar Gumel, ina gyaran firji da esin mota. Shekara bakwai na yi a Kano ina koyon aikin, na dawo gida kaina ya fi ƙarfin hulata. Daga Gagarawa har Maigatari, in esi ya ƙi sanyi sai ka ji an ce a kai wa Isyaku. Masu esi a mota ma a wancan zamani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma ni ji nake kamar ni na ƙago sanyi a duniya. Cikin masu kawo mini aiki akwai Oga Yohanna, ma'aikacin gona da aka turo daga Filato, Kirista, mutumin kirki, wanda Hausa ta zauna a bakinsa har ya fi wasunmu karin magana. Shi ne ya sayi wata tsohuwar jif 'yar Kwatano, irin waɗanda Turawa suka gama mora a ƙasarsu, a sauke su a bakin teku, a biyo da su ta Nijar a shigo ta Maigatari. Doguwa ce mai kujeru layi uku. Bayanta yana da nasa esin daban, fankarsa na ƙarƙashin kujera, makunninsa kuma na gaba kusa da direba.

Bai yi wata biyu da sayenta ba ya kawo mini ita, matarsa Maman Ladi na biye da shi tana fifita da gefen ɗankwali.

Ta ce, "Malam Isyaku, gaban motar nan Jos ne, bayanta kuwa gidan burodi. Shi yana gaba yana waƙa, ni ina baya ina dahuwa."

Muka yi dariya, na ce ta kwantar da hankalinta, ta zo gidan magani. Da sassafe ne, motar na inuwar darbejiya, daga gidansu zuwa rumfata kuwa tafiyar minti uku ce. Na ta da inji, na ɗaura agogon awon gas, na ga ya ɗan sauka, na ƙara. Na duba bel, na duba fis, na saurari fankar baya tana juyawa lafiya lau. Sannan na buɗe ƙofar baya, na tsaya daga waje na miƙa hannu bakin ramin iskar, na ji sanyi. Ban shiga na zauna ba. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba, amma a tarbiyyar da aka yi mana a gareji, makaniki da baƙin mai a wando ba ya ɗora jikinsa a kujerar matar mai mota. In za ka gwada mota, jarida kake shimfiɗawa a kujerar direba, ka zagaya tasha sau ɗaya ka dawo. Maigidana na Kano ya taɓa marin wani a gabana saboda wannan.

Sau uku suna dawo da ita a kan kuka ɗaya, sau uku ina yin abu ɗaya. A karo na biyu na zare ragar iska na wanke. A na uku na zubar da gas ɗin gaba ɗaya na sa sabo, na sake miƙa hannu daga waje, sanyi kamar randa. Raina ya fara ɓaci, don gani nake ana taɓa mini suna. Na ja Oga gefe.

Na ce, "Oga, motarka lafiyarta ƙalau. Ka san mata, wani lokacin zafin daga jikinsu yake."

Ya dube ni ya ce, "To, Malam Isyaku, kai ne likita. Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na ji maganar, na bar ta ta wuce ta bayan kunnena.

A shekarar ne mahaifiyarku Adama ta tafi goyon ciki gidansu, wata ruga arewa da Sule Tankarkar, ta haifi ɗanmu na fari. Na je suna a kan aron babur, na dawo ina ƙirga kwanaki. Arba'in ɗinta ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da in ka taka rairayi ba takalmi sai ka yi rawa. A al'ada mata ake turawa su ɗauko maijego, amma ni so nake a gan ni. So nake Fulanin nan da suka yi ta ƙunƙuni don an ba Bahaushe mai sifana 'yarsu su ga ta koma ɗakinta cikin motar da ko hakimi sai ya waiwaya. Na je na roƙi Oga, ko kallon biyu bai yi mini ba ya miƙo makulli. Ina fita Maman Ladi ta ɗaga murya daga madafa.

"Ka dai buɗe musu gilashi!"

Na ce to. A raina kuwa na ce, wa ya taɓa ganin an buɗe gilashi a mota mai esi, in ba ƙauyanci ba.

Da na isa rugar, har shanu sai da suka ɗago kai. Aka ce kakarku Inna Dudu ce za ta rako 'yarta. Ku kun san ta da wasa da dariya, amma tsakanina da ita surukuta ce ta Fulanin asali. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba, ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba, in muka yi kaciɓis a hanya ɗayanmu ne zai ratse cikin gona. Yaya za a yi mu zauna cikin akwati ɗaya, ina ganin fuskarta a madubi? Sai dabara ta zo mini, har ina yaba wa kaina. Na karɓi wani zanen saƙi mai kauri, na ɗaure shi a bayan kujerun gaba, daga wannan ƙofa zuwa waccan, daga rufi har ƙasa, ya raba motar biyu. Tsofaffin rugar suka yi ta gyaɗa kai, wai ashe Bahaushen nan ya san kunya. Na juya baya suka shiga. Na dai hango jaririn a hannun mahaifiyarku, an naɗe shi cikin tawul, ga hular ulu, ga safa, yadda ake yi wa kowane jariri komai zafin gari.

Rana ta take tsaka muka tashi. Na kulle gilasan baya daga wajena don kada rairayi ya shigar musu. Na murɗa makunnin fankar baya har ƙarshe, don su sha sanyi sosai. Na sa kaset ɗin wa'azi na ƙara murya, don kada shirun da ke tsakaninmu ya yi musu nauyi. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku da kyakkyawar niyya na yi shi. Hanyar rairayi ce, inji na ta gurnani, mun fi awa ɗaya kafin mu hau titi. Ni a gaba har tsigar jikina na tashi don sanyi. Can na jiyo kukan yaron sama-sama ta cikin wa'azin, ya yi ya yi, daga baya ya yi shiru. Wallahi murmushi na yi. Na ce ka ji ɗan gata, sanyi ya ratsa shi ya yi barci.

Da muka iso ƙofar gida na kashe mota, na fita na nufi gindin bishiya ban waiwaya ba, don suruka ta sauka a sake. Matan gida suka fito da guɗa suka buɗe musu ƙofa. Guɗar ce ta yanke a tsakiya, sai na ji salati. Na sheƙo da gudu, na manta da wata kunya. Yaron ya sandare, idanu sun kafe sama, wuya ya lanƙwashe baya, jikinsa in ka taɓa kamar ƙarfen guga. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Innalillahi, sanƙarau!" Ba wanda ya yi musu, domin a bazarar nan ciwon ya shiga gidaje da yawa. Ta fizge shi ta shiga kujerar gaba, na ja muka yi asibiti. Na ga zanen mahaifiyarku ya jiƙe sharkaf har yana ɗiga, na ɗauka firgici ne.

Kwana uku yaron na tsakanin rai da mutuwa, ni kuma ina tsugune a barandar asibiti, motar na fake a inuwa ba wanda ya tuna da ita. A rana ta huɗu aka rubuto wata allura da ta yi wuya a gari saboda yawan masu ciwo. Oga Yohanna, wanda kullum sai ya zo da kwanon abinci daga Maman Ladi, ya ce ana samunta a Maigatari wajen masu shigo da magani daga tsallake. Na nufi kujerar direba, ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Kai da idonka ya yi ja haka? So kake mu ƙara wa asibiti aiki? Shiga baya ka miƙe."

Na ce, "Haba Oga, wajen Madam?"

Ya ce, "Shiga, don Allah. Kujera ce, ba gadon sarauta ba."

Wannan ne karo na farko da na zauna a bayan motar nan. Zanen na nan a ɗaure yadda na bar shi. Da muka tashi iska mai sanyi ce ke fitowa, irin wadda na saba ji a tafin hannuna, har na lumshe ido. Mun bar gari da kamar kwatan awa, sai na ji ɗumi a idon sawuna. Na ce zazzaɓi ne zai kama ni. Jim kaɗan ɗumin ya zama zafi, ya hau ƙwauri, gumi ya keto mini, numfashi ya fara yi mini wuya. Na sunkuya na kai hannu bakin ramin iskar, na janye da sauri kamar na taɓa murhu. Na kai hannu na fizge zanen nan, igiyar ta tsinke, sanyin gaba ya bugi fuskata. A nan ne komai ya faɗo mini lokaci guda, tawul, hular ulu, gilashi a kulle, fanka a ƙarshe, da kukan da ya yi shiru. Ban san na yi ihu ba sai da na ga Oga ya taka burki mota ta yi gefe.

"Lafiya? Malam Isyaku, lafiya?"

Hannunsa na kamo na kai bakin ramin. Ya janye, ya dube ni, ya dubi zanen, ya ce, "Ya Allah!"

Hannun makaniki ba ya jiran izini. Na buɗe gaban mota na taɓa bututun gas, sanyi har da raɓa. Wato esi ba shi da laifi, bai taɓa yin laifi ba, wata uku ina yi wa mai lafiya magani. Na kwanta a rairayi mai zafi na shige ƙarƙashinta. Nan na ga wasu bututun ƙarfe guda biyu sun taso daga wajen inji, sun bi gefen ƙashin motar sun shige daidai ƙasan kujerar baya. Na taɓa ɗaya, ya ƙona mini yatsu. Shekara bakwai a Kano, ban san ko na mene ne ba.

A Maigatari, bayan mun sayi allurar, Oga ya kai ni wajen wani tsohon makaniki mutumin Damagaram, Malam Isufu, da ke da gareji bayan kara, wato kasuwar dabbobi. Ko ramin duba ƙasan mota bai hau da ita ba. Ya leƙa ƙasa, ya ɗaga kafet, ya kwance wani murfi, sai ga wani ɗan ƙaramin lagireto kwance kusa da fanka.

Ya ce, "Shofaj ne. Ku kuke ce masa hita. Waɗanda suka ƙera motar nan ƙanƙara suke tsoro, ba rana ba, shi ya sa suka sa mata murhu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ruwan inji mai zafi ne ke zagayowa ta nan. In mota ta sauka Kwatano, yaran can sukan yanke tiyon na gaba, amma ba mai shiga ƙasa ya nemi na baya. Ga famfon da ke rufe ruwan, dubi, wayarsa ta tsinke, tsatsa ta cinye ta, ya maƙale a buɗe. Da safe inji bai yi zafi ba, sai ta ba ka sanyi. Bari ta yi tafiya, duk yadda ka ƙara fanka wuta kake hurawa."

Ya yanko guntun tiyo, ya lanƙwasa shi, ya haɗe bakin bututun nan biyu tun daga wajen inji, ruwan ya koma inda ya fito. Ko minti goma bai yi ba. Yana goge hannu ya ce, "Allah dai ya sa ba ku ɗauki tsoho ko jariri a baya ba."

A hanyar dawowa na roƙi Oga, har da hawaye, kada ya faɗa wa kowa. Na ce in Fulanin nan suka ji, za su raba ni da matata, in gari ya ji, na tashi daga aiki.

Can ya ce, "Ni ma da laifina, matata ta faɗa na bi bakinka. Ba zan kai maganar ko'ina ba. Amma ranar da aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ka sani kuma, ramin ƙarya ƙurarre ne, kai za ka kwana ciki."

Ba wanda ya taɓa tambayarsa, har aka yi masa canjin wurin aiki ya koma gida. Yaron ya tashi, muka yi ta godiya ga Allah. Sai da ya kai wata bakwai, wata rana faranti ya suɓuce ya faɗi a bayansa, duk gidan muka zabura, shi ko ƙiftawa bai yi ba. Daga baya na taɓa tambayar wani likita a kaikaice, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce zafi mai tsanani na iya yi, sanƙarau na iya yi, ba mai iya rantsuwa. Na so in ɓuya a bayan wannan magana, amma ni na zauna a kujerar nan, kuma ni babba ne, kwata ɗaya kawai na yi.

Shekara goma sha biyu na riƙe abin nan a ciki. Sunana ya ƙara tashi a gari, don daga ranar ba motar da ta sake gagarata, amma ban sake jin daɗin yabo ba. Sai bayan rasuwar Inna Dudu, mahaifiyarku ta dawo daga zaman makoki, wata rana da hantsi tana tsintar wake a tsakar gida, na zauna nesa da ita na faɗa mata komai, tun daga Maman Ladi har Malam Isufu. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran ta tashi ta haɗa kayanta. Hannunta bai bar tsintar waken ba.

Ta ce, "Malam, ai ni ce a bayan. Kai labari ka ji a ƙafarka, ni a cinyata yake."

Na ce, "To me ya hana ki magana? Zane ne fa kawai tsakaninmu!"

Ta ce, "Da zafin ya fara, na dubi Inna. Sai ta raɗa mini da Fulatanci, wai ki ga mijinki, ya san darajar jego, har wuta ya sa aka hura mana a mota don kada sanyi ya shige ki. Tana ta sa maka albarka. Da yaron nan ya fara kuka na kai hannu zan cire masa hula, ta buge mini hannu, ta ce ba ni da kunya, ɗan fari a gaban uwata. Na buɗe baki zan kira ka sau uku. Da wane suna zan kira ka, tana zaune? Da ya yi shiru na san ba barci ba ne. Na san ba barci ba ne, Malam, na kuma yi shiru."

Sai a lokacin ta ajiye farantin. Ashe shekara goma sha biyu muna kwana ɗaki ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa garwashi ɗaya, ita tana ganin ita ce, ni ina ganin ni ne. Inna Dudu kuwa ta koma ga Allah tana ba matan ruga labarin kirkin surukinta. Na ce wa mahaifiyarku ita kunya aka koya mata, ta kuwa riƙe abin da aka koya mata. Ni aiki aka kawo mini har sau uku, aka gaya mini inda ciwon yake da Hausa, girman kai ya hana ni zama a kujera. Har ta rasu ba ta yarda da wannan rabon ba, ni ma ban yarda da nata ba. A ciwonta na ƙarshe ta ce in faɗa wa yaron nan. Kun san har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunansa ba.

To ku sauran, da baki zan iya tara ku in gaya muku. Rubutun nan saboda mutum ɗaya na yi shi, domin maganar hannu da muke yi da shi ta ishe mu aikin gareji, amma ba ta isa ɗaukar wannan ba.

Bello, kai nake nufi. Yau garejin a hannunka yake, kuma tafin hannunka ya fi kunnen kowa jin ciwon inji. Ka san dokata da ka gada, cewa duk motar da aka gyara wa esi ba ta fita sai makaniki ya shiga kujerar baya, da baƙin mansa da komai, an rufe gilashi an kai shi Gagarawa Tasha an dawo. Tun kana saurayi kake dariyar dokar nan, kana taɓa kafaɗata kana juya tafin hannu sama, wato me ya sa. Kullum sai in nuna maka ka je ka yi aikinka. Ga amsar nan na ba ka, ta makara da shekara talatin. In ka gama karantawa, ina nan kan benci a gindin darbejiya inda ka saba samuna. Ka zo ka tsaya a gabana, duk abin da hannunka ya ce, ba zan kau da ido ba.